Farar Baƙuwa da Makullin Sito

Asabar, bayan magariba

Yau baƙuwa ta sauka a kan littafina. Ina bakin taga ina karatu, daidai wurin da saurayin ya tsaya a tashar jirgi yana tunanin ya tafi ko ya juya, sai kawai ta faɗo a tsakiyar shafin. Faɗa-wuta ce, amma ba irin masu ruwan toka da muka saba gani suna zagaya ƙwan lantarki ba. Wannan fara ce fat, gefen fikafikanta kamar an bi da zare mai ruwan ƙasa an yi mata kalmasa, in haske ya taɓa ta sai ta ɗan yi shuɗi-shuɗi. Wallahi na ɗauka saƙo aka aiko mini.

Na kife ta da kofin gilashi na kai wa Baba. Yana bakin famfo yana wanke laka daga ƙafarsa. Na zaci zai ce kai, ikon Allah. Sai ya tsaya yana kallonta, ruwa na ta zuba, ya manta bai rufe famfon ba.

"A ina kika same ta, Auta?"

"A ɗakina."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai, Baba."

Ya ce sau ɗaya tak ya taɓa ganin irinta, tun yana saurayi yana aikin lambu can kudu. Wai har maigidansa ya tara ma'aikata su zo su gani, don ko a can ba a cika samunta ba. Ya ce ba ta hawowa nan, sanyinmu kashe ta yake yi. Yaya ya ɗago murya daga ɗaki ya ce, "Wane sanyi kuma? Bana ko bargo ban ciro ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya sa babban yatsa ya murƙushe ta. A gabana.

Ban ci abincin dare ba. Ba wanda ya lura. Mai lurar ba ta nan.

Lahadi, da hantsi

Inna ta kira daga asibiti. Allah ya saka mata, ba kowace ƙanwa ce za ta bar gidanta ta je wani birni ta riƙa kwana a ƙasa gefen gadon yayarta ba. Ta ba Mama wayar. Muryar Mama tana fita guntu-guntu, kamar mai hawan tudu da tulu a ka, amma ita ce dai.

Ta ce, "Kin gama na ɗayan?"

Na ce saura kaɗan.

Ta ce, "Na biyun yana wurina. Kar ki gaya wa Babanki. Ya auri wata, amma ba shi ke nan ba." Ta so ta yi dariya, sai tari ya ƙwace. Inna ta karɓi wayar.

Duk gidan nan ba wanda ya san Mama na karanta littattafan soyayyata sai ni. Da rana ta yi mini faɗa a kansu, da dare ta zo ta ce ina wanda na ajiye jiya.

Kafin tarin ya zo ta ce in riƙa ba lemonta ruwa, wanda ta dasa a ƙarƙashin tagarta. Na ba shi har ya ƙoshi.

Birnin da take yana kudu da mu, tafiyar yini guda. Ina ta tunanin ko baƙuwar jiya ta bi ta saman asibitin.

Laraba, kafin rana ta fito

Ashe farar baƙuwar ba ita kaɗai ba ce, sun yi ƙwai. Baba ne ya gani a layin dashen lemo na bayan rijiya. Tsutsotsi kore masu baƙin kai, sun haɗa ganye biyu da saƙa irin ta gizo-gizo sun shige ciki suna ci. Ganyen da suka gama da shi sai ya koma kamar rariya.

Baba ya ba ni gwangwani da ruwan sabulu a ciki, ya ba Yaya nasa. Ledar dashe bayan ledar dashe, ganye bayan ganye, ka juya shi ka duba, ka tsince, ka jefa. Ya ce, "Kar ki yarda da fuskar ganye. Ta sama za ki gan shi lafiya lau, ciwon yana ƙasa."

Na ƙi jinin taɓa su. Suna da sanyi, kuma suna murɗewa a yatsa. Yaya ya ce, "Gimbiya, yau kuma ba yarima a kan doki? Ga talakawanki nan sun zo gaisuwa." Ya miƙo mini wata ƙatuwa a kan tsinke. Ban kula shi ba.

Sauran masu lambu feshi suke yi su huta. Mu ba ma yi. Tun da tarin Mama ya fara likita ya ce maganin feshin nan ne ke cin ƙirjinta, ko warinsa kada ta ƙara shaƙa. Ran nan Baba ya kwashe injin feshi da jarkokin magani ya zuba a sito, ya kulle, ya rataye makullin a ƙusar bayan ƙofar kicin. Ya ce lambun da matarsa ba za ta iya numfashi a cikinsa ba, ba lambunsa ba ne. Wannan ita ce magana mafi daɗi da na taɓa ji wani namiji ya yi, har da na cikin littafi. Shi bai ma san ya yi ta ba, yana ɗaure igiyar takalmi ya faɗe ta.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Malamin gona ya zo a kan babur. Matashi ne mai tabarau, dogo, da jaka a rataye. Baba ya ce in kawo masa ruwa. Na kawo a kan tire. Ya ce, "Na gode, ƙanwata." Na ɗauki tiren na juya. Ni dai haka Allah ya yi ni, duk maganata a ciki take ƙarewa. Sai da na koma kicin amsoshi masu daɗi suka yi ta zuwa.

Na laɓe bayan labule ina ji. Ya nuna wa Baba taswira a waya, da ɗige-ɗige ja. Ya ce shekarun baya ɗigon duk a ƙasan taswirar suke, ɗaya nan ɗaya can. Kowace shekara sai su ɗan hau. Bana sun tsallake kogi, sun tsallake duwatsu, ga su a ƙofarmu. Iskar kudu ke kawo su, sanyin da zai kashe su kuma ya daina zuwa. Ya ce abin da ofishinsu ke tsoro shi ne dashenmu, don arewa ake kai shi, ƙwan kuma a ƙasan ganye yake tafiya.

"Daga yau ko leda ɗaya kada ta fita daga lambun nan. Zan dawo Alhamis ta sama da mai zuwa. In na samu tsutsa, ɗayan biyu ne: ko a fesa gaba ɗaya, ko a ƙone gaba ɗaya."

Baba ya ce, "Da hannu muke tsincewa."

"Baba, da hannu?" Ya cire tabarau ya goge. "Ni ba mugunta nake yi ba, wallahi. Maganin ma ba wani abu ba ne, 'yan makonni ne warinsa ya bar ganye."

Baba ya kalli tagar ɗakin Mama, wadda ke buɗewa kai tsaye cikin lambu. Ya ce, "Akwai mai dawowa."

Mai Tabarau bai gane ba. Ya rubuta wani abu ya tafi.

In an fesa, Mama ba ta da gidan dawowa. In an ƙone, Baba ba shi da lambu. Na rubuta shi a nan don in gan shi a fili, ko zai ragu. Bai ragu ba.

Jumma'a, da rana

Yatsuna sun yi kore. Sabulu ba ya fitar da shi.

Asabar, da la'asar

Maƙwabcinmu Mai Kabeji ya yi feshi yau. Ina jin ƙarar injinsa na jefar da gwangwani na ruga na rufe tagar Mama, na tura tsumma a ƙasan ƙofa, na toshe ɗan ramin da ke gefen katako, yadda na saba. Sai da na gama na tuna ba ta ciki. Ba komai. Kada warin ya kama mata zanin gado.

Da ya gama ya leƙo ta saman shinge, abin rufe hanci na lilo a wuyansa.

"Mai lambu! An ce ka koma kiwon tsutsa. Ka faɗa mana mana, mu riƙa kawo musu dusa!"

Baba ya ce, "Sannu da aiki."

"Ni na kore su daga nan, su je wurinka su yi aure su haihu, jikokin su dawo mini. Haka za mu yi? Zaman lafiya fa ya fi zama ɗan sarki, amma ba da tsutsa ba."

"Na ji, maƙwabci."

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Kullum da sauƙi. Tun da aka tafi da ita da sauƙi. In da sauƙin nan taruwa yake yi, da yanzu ta dawo da gudu.

Lahadi, bayan isha

Ni na kawo dabara, kuma Baba ya karɓa! Na ce tunda fitilar karatuna ce ta jawo ta farko, mu shanya farin zani a tsakiyar lambu, mu sa fitila a baya, mu ajiye baho da ruwan sabulu a ƙasa. Yaya ya ce ashe karatun ƙarya ma yana da rana.

Sun zo. Ya Allah, sun zo. Da farko ɗai-ɗai, sai kuma kamar an zazzage buhun auduga daga sama. Suna bugun zanin, suna faɗawa ruwa, suna shiga mini gashi. Da ba don abin da suke yi mana ba, da na ce ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Bahon ya cika fari fat. Na yi murna har na yi tsalle.

Baba ya ɗaga kai ya kalli kudu, inda iska ke fitowa. Ya ce, "Kwalfar rijiya da cokali." Ya shiga ciki.

Litinin, da safe

Inna ta ce tana barci.

Talata, da magariba

Faɗa a kan tabarmar cin abinci. Yaya ne ya fara. Motar da yake kai dashe da ita tana tsaye tun ran Alhamis, shi ma a tsaye yake, abu kaɗan sai ya tashi.

"Baba, mu uku ne. Su dubu nawa ne? Mu tsince layi ɗaya, kafin mu kai ƙarshensa sun koma farkonsa. Mu fesa sau ɗaya kawai. In Mama ta fito ta zauna gidan Inna wata ɗaya, warin ya tafi, shi ke nan."

Baba ya ajiye cokali.

"Wata ɗaya."

"Eh, wata ɗaya kawai."

"Ka san nawa ne wata ɗaya a wurinta?"

Yaya ya sunkuyar da kai yana wasa da abinci. Na kalli wannan na kalli wancan. Akwai abin da suka sani su biyu. Ban tambaya ba. Ba na so. Wanda bai ji ba, ba a faɗa masa ba.

Laraba, da asuba

Na fito alwala na ga Baba tsaye a ƙofar sito. Bai buɗe ba. Ya dai riƙe kwaɗon a tafin hannu yana jujjuya shi, kamar mai auna nauyinsa. Ya daɗe a haka.

Da ya wuce bayan rijiya na shiga kicin na cire makullin daga ƙusa. Na zura shi a zare na rataya a wuya, cikin riga.

Na san ba hankali ba ne. Amma a littafin da nake karantawa, yarinyar ta ƙi cire zoben duk da kowa ya ce mata ba zai dawo ba, kuma na tabbata a na biyun zai dawo, Mama ma ta ce ba shi ke nan ba. Muddin siton nan a kulle yake, akwai mai dawowa. Baba da bakinsa ya faɗa. Ran da aka buɗe shi, to, an cire rai ke nan. Ni ba zan bari a cire ba.

Ƙarfen yana da sanyi a ƙirji.

Laraba, da yamma

Baba ya shiga kicin, ya kalli ƙusar, ya kalle ni, ya sha ruwa ya fita.

Alhamis, da safe

Inna ta ce tana barci. Na ce a sa mata wayar a kunne ko ba za ta amsa ba. Aka sa. Ina jin wani inji yana huci a gefenta, shiga, fita, shiga, fita. Na ce mata na gama na ɗayan. Na ce lemonta ya yi sabon toho. Ƙarya ce, sun kai gare shi tun shekaranjiya, kullum ina tsince su suna dawowa. Na ce mata Yaya ya daina tsokanata. Ita ma ƙarya ce. Sai maganar ta ƙare mini, na tsaya ina jin injin.

Inna ta ce, "Ta ji ki, 'yata. Ba Babanki wayar."

Ya ɗauka ya tafi can ƙarshen lambu inda ba na ji.

Jumma'a, da asuba

Baba ya tafi wurin Mama. Bai ɗauki kayan sawa ba sai riga ɗaya. A bakin ƙofa ya ce wa Yaya, "Ka kula da ƙanwarka." Bai ce ka kula da lambu ba.

Asabar, da tsakar rana

Tsutsa. Tsutsa. Tsutsa. In na rufe ido su nake gani. Bayana ya ƙage, gwiwoyina sun goge. Layin bayan rijiya ya tafi, kara ne kawai a tsaye cikin leda. Muna ji suna ci. Wallahi in aka yi shiru ana jin su, ƙas-ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan kwano.

Na ɗauko littafi na kasa karanta ko layi ɗaya. Mutanen ciki suna kuka a kan wasiƙar da ba ta iso ba. Su zo su riƙe gwangwani su gani.

Lahadi, da la'asar

Yaya ya birkice gidan nan yana neman makulli. Aljihun rigunan Baba, ƙarƙashin katifa, cikin tukwane. Ya ce tunda Baba ba ya nan shi zai yi abin da ya kamata, in ya dawo ya kashe shi. Ya ɗauko guduma zai fasa kwaɗon, sai ya tsaya, don Baba ya sha faɗa cewa ba a fasa kwaɗo a gidansa, ɓarawo ke fasa kwaɗo.

Na sunkuya ɗaukar gwangwani, zaren ya zamo daga wuyan rigata. Ya gani.

"Gimbiya. Mene ne wannan?"

Na damƙe shi da hannu biyu.

"Ba ni."

"A'a."

"Ke kin san abin da zai faru ran Alhamis? Wuta za su sa! Aikin Baba na shekara da shekaru, a tara a zuba mai. Da me za mu ci? Da littattafanki?"

"In aka fesa Mama ba za ta dawo ba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau. Har Mai Kabeji ya daina abin da yake yi a bayan shinge.

Yaya ya buɗe baki. Na ga maganar ta zo masa har bakin haƙori. Na ce a raina kar ka faɗa, don Allah kar ka faɗa, in ka faɗa ba zan ƙara yi maka magana ba har abada. Ya rufe bakin. Idonsa ya yi ja. Ya ajiye gudumar a hankali, kamar ƙwai.

Ya ce, "Ina gwangwanina?"

Muka yi ta tsinta har duhu ya hana mu ganin ganye. Bai kira ni Gimbiya ba ko sau ɗaya. Na fi son ya kira.

Litinin, da safe

Wayar Inna a kashe. Ta Baba tana shiga ba a ɗauka.

Litinin, da yamma

A kashe.

Talata, kafin asuba

Wayar Yaya ta yi ƙara a ɗakinsa. Na ji ya ce "Na'am, Baba." Na ja bargo na rufe kaina, na toshe kunnuwana, na yi ta karanta duk addu'ar da na iya. Ya zo ya tsaya a ƙofata. Na yi kamar ina barci. Ya san ba barci nake ba. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar, bayansa jingine da katako, har gari ya waye.

Laraba

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, da yamma

Gida cike da masu ta'aziyya. Takalma har bakin famfo. Kowa ya zo sai ya dafa kaina ya faɗi magana iri ɗaya, ni kuma in ce amin. Wata mata da ban sani ba ta ce na yi kama da Mama ta wajen ido. Wani yaro ya taka ledar dashe ta fashe, ba wanda ya ce masa komai.

Baba ya rame a kwana shida kamar an matse shi. Inna ce ke ta hidima da mutane, muryarta ta dishe.

Na gudu lambu don in sha iska, sai na tarar da mutum a tsugune a layin tsakiya. Mai Kabeji ne, da gwangwanina a hannu. Yana juya ganye da manyan yatsunsa, yana tsinta, yana jefawa. Bai iya ba, rabi yana wuce shi. Ya gan ni ya ce, "Shiga ciki, 'yata, ni ma yau kiwon nake." Ya so ya yi murmushi abin ya ƙi.

Mai Tabarau ya zo kamar yadda ya ce. Ya kashe babur tun daga nesa da ya ga takalma. Ya tsaya a bakin shinge ya cire hula. Yau na kalle shi sosai, ido cikin ido, ban ji komai ba. Mutum ne kawai da ya gaji, da laka a ƙafar wando. Ya kalli layukan, ya kalli tagar Mama, ina jin sai yau ya gane abin da Baba ya faɗa masa.

Ya ce, "Ki ce wa Baba sai Litinin. Fiye da haka ba ya hannuna, ƙanwata. Ki yi haƙuri."

Na ce, "To." Ashe ina iya yi masa magana.

Jumma'a, da dare

Inna ta ba ni jakar Mama. Zani biyu, carbi, abin shaƙarta, man shafawa da ya kusa ƙarewa. A can ƙasa, naɗe cikin ɗankwali don kada Baba ya gani, na biyun.

Ta sa busasshen ganyen lemo a inda ta tsaya. Ko rabi ba ta kai ba.

Ban buɗe gaba da ganyen ba. Ban sani ba ko ya dawo.

Asabar, da rana

Makullin ya yi mini tabo a ƙirji, zaren ya ci mini wuya. Ba wanda ya tambaye ni shi. Yaya bai tambaya ba. Baba bai tambaya ba. Yana zaune a kan benci yana kallon lambu ana cinye shi, hannuwansa a kan gwiwa kamar ba nasa ba.

Da ma ya daka mini tsawa. Da ma ya ce ba ni.

Lemon Mama saura 'yan ganye a can sama.

Lahadi, bayan la'asar

Da safe na zauna a ƙarƙashin tagarta ina kallon lemon. Wata farar baƙuwa tana manne a bango, tana barcinta, ba ruwanta. Ban kashe ta ba, ban kuma ce saƙo ce ba. Na dai tuna gobe Litinin. Wuta ba za ta tambaya wanne ne Mama ta dasa ba.

Na je wurin Baba a benci. Na ciro zaren ta kaina, ya sarƙe da gashina, sai da na fizge. Na sa masa a tafin hannu. Ƙarfen da ɗumi.

Ya dube shi ya daɗe.

"Na san yana wurinki, Auta. Tun ran da kika ɗauka."

"Me ya sa ba ka karɓa ba, Baba?"

"Ni ma ba na so in same shi."

Nan na yi kukan da ban yi ba ran Laraba. Ya bar ni na yi, hannunsa a kaina, yana wari irin na ƙasa da sabulu.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da Yaya ya ɗiga masa mai. Suka fito da injin, ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya yi gida a bakin bututun. Yaya ya ce shi zai goya. Baba ya ce a'a, shi ya kulle, shi zai buɗe. Ya auna magani, ya zuba ruwa, ya ɗaura abin rufe hanci. Ya ce mu shiga ciki.

Ina tsakar gida na ji ƙarar farko ta injin. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kwashe ni ba. Sai ga ni a ɗakinta, na kama tagar ina ja. Ɗayan ƙyauren ya ƙi rufuwa, kullum sai an ɗaga shi kaɗan.

Ta cikin gilashi na ga Baba. Yana daidai gaban lemonta, bututun a ɗage. Ya ɗago ido ya gan ni.

Ya saki hannun injin. Ƙarar ta tsaya.

Bai ce Auta bar shi ba. Bai ce ba kowa a ciki ba. Ya tsaya a nan cikin rana da jarka a baya, yana jira. Na ɗaga ƙyauren na rufe, na sa sakata. Na tura tsumma a ƙasan ƙofa. Na toshe ɗan ramin da ke gefen katako. Na gyara zanin gadon. Sannan na koma bakin gilashin na ɗaga masa kai.

Sai ya fara.